NATSUWAR YARA A MAKARANTA: TA ARO KO TA GADO?

Daga wani malamin Larabci, Badariya, Birnin Kebbi

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan wani darasi ne da ya yaɗu a makarantun ƙasashen waje, har labarinsa ya fara iso mana ta wayoyin hannu da kuma ta bakin 'ya'yanmu masu karatu a ƙetare. Darasin kuwa shi ne a zaunar da yara shiru na 'yan mintoci, su rufe idanu, su bi shigar numfashinsu da fitarsa da hankali, duk tunanin da ya bijiro musu su lura da shi, sa'an nan su bar shi ya wuce. Turawa suna kiransa mindfulness, mu kuwa bari mu ce da shi halarto da hankali. Masu yabonsa sun ce yana rage wa yaro fargaba da saurin fushi, yana kuma taimakonsa ya tsai da hankali ga karatu. Tambayar da ta hau kanmu ita ce, idan aka kawo wannan darasi makarantunmu, karɓa ya kamata mu yi ko ƙi? In kuwa mun ƙi, me muka tanada wa yaron a madadinsa?

Asalin Abin

Ba a yanke hukunci a kan abu sai an san shi. Tushen wannan darasi yana cikin addinin Buddha. Wanda ya kafa addinin wani ɗan sarauta ne mai suna Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Ya koyar da cewa zaman duniya cike yake da wahala, sanadin wahalar kuwa kwaɗayi ne, wanda ya yanke kwaɗayi ya huta, kuma akwai hanya mai rassa 8 da ke kai mutum ga wannan hutu. Reshe na bakwai shi ne abin da suke kira sati da harshen Pali, harshen tsofaffin littattafansu. Asalin ma'anar kalmar kuwa tunawa. Wani Baturen Ingila masanin Pali, Rhys Davids, shi ya fassara ta da waccan kalma ta Ingilishi a 1881.

A can gidansa, wannan reshe ba shi kaɗai yake tsaye ba. Yana ɗaure da sauran rassa, watau gyaran magana da gyaran aiki da neman abinci ta hanya mai tsarki, yana kuma ɗaure da aƙidarsu. A cikin aƙidar nan babu maganar Mahalicci da zai yi wa bawa hisabi, kuma suna koyar da cewa babu wani rai tabbatacce a cikin mutum, abin da muke kira "ni" tarin abubuwa ne masu zuwa suna wucewa. Mai lura da numfashinsa a gidan ibadarsu yana yi ne domin ya gane haka da kansa.

A 1979 wani masani Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, ya buɗe wani sashe a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts, ya ɗauko wannan zama ya cire masa sunan addini, ya mai da shi horo na mako 8 domin marasa lafiya masu fama da ciwo mai daɗewa da damuwa. Daga asibiti abin ya shiga kamfanoni da barikin soja, daga nan ya shiga aji. A Ingila waɗansu malaman sakandare suka kafa ƙungiyar yaɗa shi a makarantu a 2009. A Indiya, gwamnatin birnin Delhi ta shigar da shi makarantunta a 2018 cikin wani darasi da ta kira manhajar farin ciki, Dalai Lama ma ya halarci bikin buɗewa.

Abin Da Gwaji Ya Nuna

Cikin watan Yuli 2022 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta tare da waɗansu jami'o'in Ingila. An ɗauki makarantun sakandare 84 da yara fiye da 8,000, 'yan shekara 11 zuwa 14. Aka raba makarantun kashi biyu, kashi ɗaya aka koya wa yaransu wannan zama cikin darussa 10, ɗaya kashin aka bar su da irin tarbiyyar da suka saba samu. Bayan shekara guda aka auna, sai ba a ga waɗanda aka koya wa sun fi sauran kwanciyar hankali ko kuɓuta daga baƙin ciki ba. Galibin yaran ba su ci gaba da yi a gida ba, da yawa sun ce abin ya gundure su. An kuma ga alamar cewa yaran da dama can suke da damuwa, zaman bai sauƙaƙa musu ba. Waɗanda suka ɗan amfana su ne malaman da aka horar, domin gajiyar zuciyarsu ta ragu na wani lokaci.

Kada mai karatu ya yi saurin tafa hannu ya ce ƙaryar kafirai ta ƙare. Gwajin bai ce natsuwa ba ta da amfani ba. Abin da ya nuna shi ne, idan aka ciro natsuwa daga gidan da ta tashi, aka raba ta da dalilin yin ta, aka ɗora wa aji guda kamar yadda ake ɗora lissafi, ba ta kama zuciyar yaro. Wannan hannunka mai sanda ne gare mu, mu ma, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Mizanin Shari'a Game Da Aro

Musulunci bai hana aron dabara ba. A yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan hijira, Salmanul Farisi ya kawo shawarar haƙa gwalalo, dabarar Farisawa ce, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya karɓa. Abin da ba a arowa shi ne ibada da aƙida. Saboda haka sai mu rarrabe. Jan numfashi a hankali domin zuciya ta daina bugawa da sauri al'amari ne na jiki, kamar shan ruwan sanyi ga mai ƙishirwa, ba mallakar wani addini ba ne. Idan likita ya umarci mai fargaba da shi, babu laifi. Amma idan zaman ya zo da kaɗa ƙararrawar gidan ibada, ko rusunawa gaban gunki, ko maimaita kalmomin addu'arsu, ko koya wa yaro cewa ransa ba kome ba ne illa tunani mai wucewa, to ya fita daga babin magani ya shiga babin addini, uba Musulmi kuwa yana da iko, kai wajibi ne ma a kansa, ya ce a'a.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani wuri mai santsi, shi ne ya fi bukatar tunani. Masu koyar da darasin a makarantun Turai suna nanata wa yaro cewa ya lura da abin da ke zuciyarsa ba tare da ya yanke masa hukunci ba, kada ya ce wannan tunani mai kyau ne, wancan mummuna ne. Shin lura kawai ta isa tarbiyya?

Mu ɗauki misali daga gida. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu ya ga yadda gwanin su yake kwanciya bisa gora, ya nutsa homa, duk hankalinsa ya taru ga motsin ruwa. Wannan halarto da hankali ne na gaske. Amma ɓarawon da ya laɓe bayan danga yana jiran masu gida su yi barci, shi ma hankalinsa a tare yake, numfashinsa a hankali yake fita. Natsuwarsu iri ɗaya ce, niyya da manufa suka raba su. Malaman addinin Buddha su kansu sun yarda da haka, shi ya sa suke bambanta tunawa ta daidai da tunawa ta kuskure, waɗansunsu ma sun yi kuka a kan yadda aka mai da abinsu hajar kasuwa. Ashe tara hankali kayan aiki ne kamar wuƙa. Wanda ya wasa wa yaro wuƙa bai gaya masa abin da ake yankawa da abin da ba a yankawa ba, bai gama aikinsa ba.

Duk da haka, adalci ya sa mu faɗi cewa akwai ƙwayar gaskiya cikin maganarsu, kuma malamanmu sun riga su faɗinta. Sun kasa abin da ke gudana a zuci hawa biyar: wanda ya faɗo farat ɗaya, da wanda ya ɗan kewaya, da zancen zuci na in yi ko in bari, da himma, sa'an nan azama. Ya inganta a hadisi cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya muddin ba su furta ko sun aikata ba. Saboda haka yaron da mugun tunani ya faɗo masa bai zama mugu ba, bai kamata ya tsorata da kansa ba. Ya gan shi, ya gane shi, ya ƙi ba shi masauki. Inda muka rabu da su shi ne, mu muna lura ne domin mu auna, su kuwa na makarantun Turai sun tsaya ga lurar.

Abin Da Muka Gada

An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da ake tallatawa yau da sunan sanin kai, magabatanmu sun yi masa suna biyu. Na farko muraƙaba, watau bawa ya riƙa jin cewa Allah Yana kallonsa a kowane hali, ita ce matsayin ihsani da aka bayyana a hadisin Mala'ika Jibrilu. Na biyu muhasaba, watau mutum ya yi wa kansa hisabi tun kafin a yi masa. Akwai malamin Bagadaza, Harisu ɗan Asad, wanda ya rasu a 857, saboda yawan yi wa kansa hisabi har aka yi masa laƙabi da Muhasibi, ya kuma wallafa littafin Ri'aya a kan wannan fanni. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe wa muraƙaba da muhasaba littafi guda cikin Ihya'u, ya kwatanta zuciya da abokin tarayya a kasuwanci: da safe ka gindaya mata sharaɗi, da rana ka sa mata ido, da dare ka yi lissafi da ita, in ta yi ha'inci ka hore ta, ka yi fama da ita, ka kuma yi mata faɗa.

Numfashin ma ba su manta da shi ba. Ibn Ashir na birnin Fas, wanda ɗalibanmu ke haddace littafinsa a zaure, ya kawo a babin tsarkake zuciya cewa mai neman Allah yana lissafin numfashinsa yana kuma auna abin da ya ɗarsu a ransa. A wurinsu kowane numfashi jari ne da aka ba bawa, wanda ya fita ba ya komowa. Littafin Ahalari kuwa, da yaro ke farawa da shi bayan Ƙawa'idi, kafin ya shiga tsarki da salla sai da ya gabatar da tuba da tsare harshe da tsare ido. Natsuwa kuma tana cikin farillan salla a mazhabarmu ta Malikiyya, kowa ya san labarin mutumin da Annabi ya mayar har sau uku ya sake salla saboda gaggawa. Game da fushi, Sunna ta koyar da mai fushi ya nemi tsari, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta, ko ya yi alwala. Wannan fa sanin alaƙar jiki da zuciya ne tun ƙarni 14 da suka wuce.

Mu mutanen Kabi ba sai mun je Bagadaza ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana kwance a Gwandu tun 1829. Ya taƙaita littafin Madkhal na Ibnul Hajj ya kira shi Lubabul Madkhal, a ciki akwai ladubban malami da na almajiri. Ya kuma nuna muhasaba a aikace. Wajen 1807, ana tsakiyar samun nasara, ya ga jama'a sun karkata ga dukiya da mulki, ya bar runduna ya nufi gabas har ya tsaya a Kano, inda ya rubuta Liya'ul Hukkami. A cikin Tazyinul Waraƙati, da yake ba da labarin, bai tsame kansa daga laifin da ya gani ga 'yan'uwansa ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Shi ya duba wanda yake takawa.

Yadda Ake Shuka Ta Ga Yaro

Gazali ya kawo labarin Sahlu ɗan Abdullahi na Tustar. Yana ɗan shekara 3 yakan tashi da dare ya kalli kawunsa yana salla. Kawun ya koya masa ya riƙa raya wa a zuci, ba tare da motsa harshe ba, cewa Allah Yana tare da shi kuma Yana ganinsa, sau uku idan zai kwanta. Bayan 'yan kwanaki ya ƙara masa zuwa bakwai, daga baya goma sha ɗaya, har yaron ya ji daɗin abin a ransa. Sai bayan wani lokaci mai tsawo kawun ya nuna masa cewa wanda Allah ke tare da shi bai dace ya saɓa maSa ba.

Ku dubi tsarin nan da kyau. Yaron ya fara ganin babba yana yi tun kafin a ce masa ya yi. An ba shi kaɗan, an bari ya zauna masa sa'an nan aka ƙara. Mai koyarwar kuwa wanda yake ƙauna ne, kuma daɗi ya riga gargaɗi zuwa. Duk abin da ya ɓace a gwajin Ingila yana cikin wannan ɗan labari.

To, mu fa? Sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Abin da Turawa suka yi wa darasin Buddha, watau raba jiki da ruhinsa, mu ma muna yi wa namu. Yaro yana haddace hadisin Jibrilu ya ci jarrabawa, bai taɓa zama minti biyu yana jin ma'anarsa ba. Aji ɗaya ya cika maƙil, ihu ake yi da sunan tilawa, dorina tana hannun malam. Ana kora yara masallaci su yi salla kamar kaza na tsattsagar tsaba, wanda ya yi motsi a make shi. Yaron da aka rena a haka yakan koyi muraƙabar bulala, idan malam ya juya baya shi ke nan mai kallo ya tafi. Daga irin wannan tarbiyya ake samun mai satar amsa a ɗakin jarrabawa, wanda in ya girma zai tauye mudu a kasuwa ko ya canza lissafi a ofis, alhali ya sauke Alƙur'ani.

Yaran yanzu kuwa sun fi mu bukatar natsuwa. Wayar hannu tana yayyaga hankalinsu dare da rana. Ga kuma tsoro. Tun da aka sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri cikin Yuni 2021, aka sake ɗaukar 'yan mata a makarantar Maga cikin Nuwamba 2025, akwai yara a jihar nan da ƙarar babur da dare take firgita su. Irin wannan yaro in aka ce ya rufe ido ya kalli zuciyarsa shi kaɗai, abin da zai gani a ciki tsoro ne. In kuwa aka koya masa cewa yana da Ubangiji Mai tsaro da ke tare da shi, ya sami abin dafawa.

Shawara Ga Malamai Da Iyaye

Na farko, malam ya fara da kansa. Mun ga malamai ne suka amfana a wancan gwaji. Malamin da ya shigo aji a fusace ba zai iya raba natsuwa ba, domin mutum ba ya kyauta da abin da ba shi da shi.

Na biyu, a makarantun Islamiyya a keɓe minti biyu ko uku kafin fara darasi, yara su zauna shiru bayan addu'ar buɗewa, kowa ya gyara niyyarsa. Kafin tashi kuma a sake ba su minti biyu, kowane yaro ya tambayi kansa a ɓoye wa ya ɓata wa rai yau, wane alheri ya yi. Kada a tilasta masa faɗi a fili, hisabin tsakaninsa da Ubangijinsa ne.

Na uku, a koyar da salla sannu sannu. Raka'a biyu da yaro ya natsu a cikinsu yana fahimtar abin da yake faɗa za su gina shi fiye da doguwar nafila ta tilas.

Na huɗu, kada a mai da muraƙaba abin razana. Wanda ke kallon yaron nan Mai rahama ne, Yana ganin ƙoƙarinsa kamar yadda Yake ganin kuskurensa, ƙofar tuba kuma a buɗe take. Yawan tsoratarwa na haifar da waswasi, waswasi kuwa cuta ne.

Na biyar, a san iyakar abin. Natsuwa ba ta maye gurbin abinci ga yaron da ya zo makaranta da yunwa, ba ta maye gurbin katanga da masu tsaro. Yaron da ya daina barci ko ya daina magana bayan wata firgita, a kai shi asibiti, tare da addu'a.

Na shida, a makarantun gwamnati inda 'ya'yanmu ke zama da 'ya'yan maƙwabtanmu Kirista, musamman a ƙasar Zuru da Yawuri, kada mu ɗora musu zikirinmu. Abin da ba mu so a yi wa namu, kada mu yi wa na wani. Ana iya yin shiru tare, kowane yaro ya yi abin da iyayensa suka koya masa a zuciyarsa.

Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan. Abin da yake na jiki da magani cikin wannan darasi, babu dalilin gudunsa. Abin da yake na aƙida da ibada, na masu shi ne, ba ma zaginsu, ba ma kuma ɗauka. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma uban da ya ƙi na aro, ya kuma bar na gado a rufe cikin gafaka, shi za a tambaya game da yaron da ya tashi bai san abin da ke cikin zuciyarsa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kawo mana zaman lafiya a garuruwanmu da makarantunmu, Ya sa mu cikin masu yi wa kansu hisabi tun kafin ranar hisabi. Sai wani mako, in Allah Ya kai mu.